Ni Na Rufe Wa Baba Agogo Ƙofa

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in ba ku labarin tun daga tushe. In kun gama kuka ga na cancanci zagin, bismillah, ba zan goge na kowa ba.

Ni injiniyar manhaja ce a wani gidan talabijin. Da na faɗi haka sai mutum ya washe baki ya ce, “Af, ke ce mai karanta labarai?” A’a. Ba a taɓa ganin fuskata a akwatin kowa ba. Ina can hawa na biyu, ƙarshen baranda, a wani ɗaki mai sanyin tsiya wanda ko taga babu. Mu bakwai ne a ciki, ni kaɗai ce mace. Aikina in rubuta wa kwamfuta umarnin da za ta bi, shi ke nan. Shekarata ta farko duk baƙon da ya shigo ni yake miƙa wa takarda, ya zaci sakatariya ce. In ana taro shayi ya ƙare, ni ake kallo.

A gida kuma “Injiniya” ake ce mini, amma ba don girmamawa ba. Shekarata ashirin da tara. Ƙannena mata biyu duk suna ɗakunansu, ɗaya har da goyo. Gwaggo, yayar Abbanmu, duk zuwan da za ta yi sai ta taɓe baki ta ce, “Wane namiji ne zai ɗauki macen da ke wuni tana hira da inji?” Umma ba ta tanka mata, sai dai bayan ta tafi in tarar da ita a kicin tana goge tukunyar da ta riga ta goge. Maza biyu sun zo sun tafi. Na farko ya ce in ajiye aikin. Na biyu bai ce komai ba, kiran waya kawai ya daina.

To, ku riƙe wannan, mu koma wurin aiki.

A hawa na ƙasa akwai ɗakin da muke kira kwantirol. Duk abin da kuke gani a talabijin ɗinku ta nan yake fita: yanzu labarai, yanzu talla, yanzu wasan kwaikwayo. Wanda ke zaune a gaban allunan nan yana danna maɓallan, shekara ashirin da bakwai, shi ne Baba Agogo. Ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya. Wani ɗan siririn dattijo ne mai farin gemu, kullum da filas ɗin shayinsa da wani kofin tangaran mai tsagaggen baki. In ya ce saura daƙiƙa goma, kada ma ku duba bango, goma ɗin ce.

Bara Manaja ya kira ni ofishinsa, ya ce yana so in rubuta manhajar da za ta riƙa jera shirye-shirye tana sakin su da kanta. “Don a rage wa dattawan nan wahala,” in ji shi. Na yarda. Ko in ce na so in yarda, don shi ne babban aiki na farko da aka damƙa mini ni kaɗai, ba a ce wani namiji ya “duba mini” ba.

Wata shida na yi ina zaune kusa da Baba Agogo da kwamfutata a cinya. Ranar farko ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, “’Yata, wannan abar taki tana da kunya kuwa?”

Na yi dariya. “Kunya kuma, Baba?”

“Eh mana. In ba ta da ita sai mun koya mata.”

Ya jawo durowa ya fito da wasu littattafai uku masu baƙin bango, an ɗaure su da roba. Duk abin da ya koya a ɗakin nan yana ciki, da rubutun hannunsa. In mai karanta labarai ya zarce lokacinsa, kada a yanke shi a tsakiyar magana, a rage daga tallan gidan. In hoto ya ɗauke, kada allo ya yi baƙi fiye da daƙiƙa uku. Bayan sanarwar rasuwa ba a sa talla mai kiɗa, ko da mai tallan ya biya. Wannan ita ce kunyar da yake nufi.

“Tafi da su gida ki karanta,” ya ce. “Ni na haddace.”

Wallahi duk wata dabara da ke cikin manhajar nan daga littattafan nan ta fito. Ni juya ta kawai na yi zuwa yaren da inji ke ji.

A ɗakin nan na haɗu da Dogo. Ɗansa ne na fari, malamin lissafi a makarantar sakandare. Baba ya manta tabaraunsa a gida, shi ne ya kawo masa. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar, alli duk ya ɓata masa hannun riga. Baba ko juyowa bai yi ba ya ce, “Ga ɗana, ga ’yata. Ku gaisa a waje, ina da labaran ƙarfe ɗaya.”

Shi ne namiji na farko da ya tambaye ni me nake rubutawa, kuma ya tsaya ya ji amsar har ƙarshe. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: “Baba ya ce in ban nemi lambarki ba zai cire ni daga gado. Gadon dai filas ne da kofi, amma ina so.” Na yi ta dariya ni kaɗai a ɗakin sanyinmu har abokan aikina suka juyo.

Ba zan ja ku da nisa ba. Wata takwas muna tare. Bai taɓa cewa in bar aiki ba. Aka sa ranar Asabar, ƙarfe huɗu, mahaifinsa da ƙannen mahaifinsa za su zo gidanmu su gana da Abba.

Ranar Litinin ɗin makon, Manaja ya sake kira na.

Ya fara da yabo. Manhaja ta yi wata biyu tana aiki ba tangarɗa, manya sun ji daɗi, za a ba ni shugabancin sashenmu. Ni, da ake miƙa wa kofunan shayi. Kafin in gama jin daɗin sai ya turo mini wata takarda a kan tebur.

“Waɗannan biyar ɗin, ki rufe musu shiga kwamfuta da katin ƙofa ranar Alhamis, sha biyun rana. Kafin lokacin an ba su wasiƙunsu.”

Suna na biyu na Baba Agogo ne. Cikakken sunansa, wanda ban taɓa jin an kira ba sai a bakin Dogo.

“Ranka ya daɗe, ai cewa ka yi rage musu wahala za a yi.”

“To ba ga shi an rage ba?”

“Manhajar nan tana buƙatar mutum a kusa. In wani abu ya faru wanda ba ya cikin…”

“Mutum ɗaya ya isa, kuma ba sai mai shekara sittin ba.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Ki ji, ba ni na yanke ba, daga sama ne. Ni ma Baba Agogo ne ya koya mini aiki. Kuma wannan magana sirri ce. In ta fita kafin Alhamis, na san bakin da ta fito, kuma takardar nan tana da wurin suna na shida.”

Na koma mazaunina. Ga abin da na yi, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai: ban jira Alhamis ba. A take na rubuta umarnin, na sa masa rana da lokaci, don in sha biyu ta buga ya aikata da kansa. Wai don kada yatsana ya danna. Kamar hakan zai sa ba ni ba ce.

Da na koma gida na tarar an sauke labulen falo, Umma na kan kujera tana rataya sababbi masu ruwan zuma. An jawo kujeru an share bayansu, an fito da faranta masu bakin zinare da ba a taɓa su sai da babban dalili. A kan gadona ga leshi ruwan toka an kawo daga wurin tela, da mayafinsa, da takalmin da ƙanwata ta aro mini.

“Umma, sauko, magana zan yi da ke.”

Ta saurare ni har na gama, ƙugiyar labule a hannunta. Sai ta zauna a hannun kujera.

“Ke kika kore shi?”

“A’a, amma abin da na rubuta ne…”

“Ke kika sa sunansa a takardar?”

“A’a.”

“To ki kama bakinki har Asabar ta wuce.”

“Umma, Alhamis za a yi. Kafin Asabar ya riga ya sani.”

“Ya san an sallame shi. Ba sai ya san kin sani ba.” Muryarta ta karye. “Ke ba ki ga yadda nake ba? Shekara nawa ina shanye maganar Gwaggonku? Yanzu Allah ya kawo mai sonki da aikinki da komai, sai ki je ki rusa da bakinki? In kin faɗa masa aikinsa zai dawo? Naki ne zai bi nasa.”

Ku da kuke karantawa, na san wasunku sun riga sun ce da su ne da sun faɗa. Ni ma haka nake cewa kafin a turo mini takardar.

Talata na ɗauki waya sau uku zan kira Dogo, sau uku ina ajiyewa. Shi kuwa saƙonninsa sai shigowa suke yi.

“Baba ya kai babbar rigarsa wanki da guga. Wai ba zai je gidan surukai da rigar kwantirol ba.”

“Yau na kama shi yana gwada jawabin da zai yi wa Abbanki a gaban madubi. Ya auna shi, minti huɗu da daƙiƙa goma.”

“Kin yi shiru. Ko kin fasa ne in sanar da mai jawabi?”

Na rubuta masa, “Aiki ne ya yi yawa.” Na sa ’yar fuskar dariya. Allah ya yafe mini wannan fuskar.

Laraba na bi ta bayan gini don kada in wuce ƙofar kwantirol.

Alhamis da safe ko shayi ban sha ba. Sha ɗaya da rabi na ce a raina, ai yanzu an ba Baba wasiƙar, bari in sauka ya gan ni, ko zagina ne ya yi. Na sa katina na shiga.

Yana zaune a kujerarsa, kofinsa na tururi, yana kallon allunan. Ya juyo da fara’a.

“A’a, ’yata! Kwana uku kin guje ni. Kunyar suruki aka fara tun yanzu?”

Babu wasiƙa. Daga baya na ji cewa mai sa hannu ne bai shigo da wuri ba, wasiƙun suna kan teburinsa. Na kalli agogon bango. Saura minti ashirin da biyu.

Zan iya hawa sama da gudu in dakatar da umarnin. Na yi tunanin haka. Amma in na dakatar sai Manaja ya tambayi dalili, kuma wasiƙar dai tana nan tafe. Na ce gara in faɗa masa da bakina. Na jawo kujerar da na zauna a kai wata shida.

“Baba, akwai maganar da…”

“Dakata, ga sanarwa za ta shiga. Kalli abarki.” Sanarwar rasuwar wani tsohon malami ce. Da ta ƙare, manhajar ta tsallake tallan lemon da ke biye, ta sa hoton tambarin gidan shiru. Ya buga cinya. “Kin gani? Ta yi kunya! Wallahi ta fi wasu mutanen da na koya wa aiki.”

Daga nan ya shiga ba ni labarin Asabar. Ƙaninsa ɗaya mai surutu ne, ya ja masa kunne. Ya tambaye ni ko Abba mai son doguwar gaisuwa ne. Ya ce mahaifiyar Dogo, Allah ya ji ƙanta, da tana nan da ta so ni, don ita ma ba ta iya dafa shayi ba. Ina ta buɗe baki ina rufewa.

Sha biyu ta buga.

Allon da ke gabansa ya yi fari, ya nemi lambar sirri. Ya sa. Ya ƙi. Ya gyara tabarau ya sake sawa a hankali, da yatsa ɗaya. Ya ƙi. Sauran allunan suna ta aikinsu, shiri na fita lafiya lau.

Ya yi ’yar dariya. “’Yata, zo ki duba. Abar taki ta manta da ni.”

Ban motsa ba. Hawaye ne kawai suka zubo, ban ma san sun taho ba.

Ya daɗe yana kallona. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ba ta canja ba, kafaɗunsa ne suka sauka.

“Mu nawa ne?”

“Biyar.”

“Ke kika rufe?”

“Ni ce, Baba.”

“Tun yaushe kika sani?”

Wannan ne wurin da Umma ta so in yi ƙarya. Da na ce yau da safe, da ya yarda.

“Tun Litinin.”

Ya gyaɗa kai. Ya zubar da sauran shayin a kwandon shara, abin da bai taɓa yi ba, ya goge kofin da hankici ya sa a jaka tare da filas. Ya ɗauki hularsa. Ya tsaya yana duba allunan ɗaya bayan ɗaya.

“Mai karanta labaran ƙarfe ɗaya na yau sabuwa ce, tana da saurin baki. Za ta gama da wuri. Ki sa a cike gurbin.”

“Baba, ka yafe mini. Wallahi ban san haka za…”

“Na ji.”

Ya je ƙofa ya ɗora katinsa. Jan wuta. Ƙofar kwantirol ba ta buɗuwa ko ta ciki sai da kati, ni na tsara hakan. Ya tsaya da jakarsa a hannu, bai juyo ba. Sai da na taso na sa nawa katin, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe, ya fita.

Ranar Juma’a ban je aiki ba. Na kwanta ina jiran kiran Dogo, ina jiran ya ce an fasa. Da rana saƙonsa ya shigo: “An karɓo riga daga wanki. Gobe kamar yanzu ina nan ina safa da marwa a tsakar gida.” Na karanta ya fi sau goma ina neman wani abu a ƙarƙashin maganar. Babu.

Asabar Umma ta tashe mu tun da sassafe. Aka dafa shinkafa da kaji, aka jera lemo a firji, aka turare falo. Gwaggo ta zo da kanta ta ɗaura mini ɗankwali, tana cewa, “Ashe dai injin bai cinye ki ba.” Na sa leshin, ya yi mini yawa a ƙugu, cikin kwana biyar kawai na rame. Ƙanwata ta yi ta shafa mini hoda a ƙarƙashin ido tana tsaki.

Suka zo. Ta tagar ɗakinmu na hango Baba Agogo yana fitowa daga mota cikin farar babbar riga, ƙannensa biyu a bayansa. Muna jiyo muryoyinsu daga falo, har da dariyar Abba. Bayan kamar awa ɗaya Abba ya leƙo ya ce wa Umma, “Alhamdu lillahi, mutanen kirki ne. Na ba su.” Umma ta durƙushe a wurin tana kuka, Gwaggo na riƙe da ita.

Aka ce in fito in gaishe su. Na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ƙannensa suka yi ta sa albarka. Shi ma ya sa, da muryarsa ta kullum. Da za su tafi sai ya ce wa Abba, “A ba ni aron ’yata minti ɗaya, maganar wurin aiki ce.”

Muka tsaya a baranda, kusa da tukwanen furannin Umma. Bai kalle ni ba, ƙofar gida yake kallo.

“Ban faɗa masa ba,” ya ce. “Ban faɗa wa kowa ba.”

“Baba…”

“Bari in gama. Yaron nan tun rasuwar uwarsa ban ga yana dariya irin ta bana ba. In ya ji yanzu, zuciya zai yi, ya ce zai zaɓa tsakanina da ke. Kowanne ya zaɓa, ni na yi asara. Aikin ya riga ya tafi, ba zan haɗa da wannan ba.” Ya gyara hannun rigarsa. “Litinin zan sa kayana in fita kamar kullum, in nemi inda zan zauna har yamma. In an ɗaura aure sai in ce na gaji na ajiye.”

“Baba, ba zan iya ɓoye masa ba.”

Sai a lokacin ya dube ni. Babu faɗa a idonsa, da ma faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

“Kin iya, ’yata. Kwana uku kika ɓoye mini.”

Ya sauka daga barandar, ƙaninsa ya buɗe masa mota.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. A falo ana ta tattara faranta, Gwaggo na waya tana sanar da dangi da ƙarfi, Umma na dariyar da na manta tana da ita. Na zauna a bakin gado da leshin a jikina, ko ɗankwalin ban cire ba. Waya ta yi ƙara. Dogo ne.

“Sun dawo! Baba ya ce Abbanki ya fi shi iya jawabi.”

Wani ya biyo baya.

“Kin san me? Litinin ba ni da aji sai sha ɗaya. Ni zan kawo Baba wurin aiki da kaina, in raka shi har kwantirol ɗinsa, in ga amaryata a kujerarta. Bai sani ba tukuna, kada ki faɗa masa.”

A saman allon an nuna yana nan, yana jiran amsa. Na rubuta “Dogo, akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina.” Na goge. Na rubuta “Allah ya kai mu.” Na goge. Umma ta ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa in fito Abba na son sa mini albarka.

Sai wayar ta fara ruri a hannuna. Ya gaji da jira, ya kira.